Mita Ɗari Biyar

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da babansu. Yaya ciwon bayan Inna? Ki gaishe ta, ki kuma ce mata ta daina ɗaga bokiti.

Kin tambaye ni me ya sa ba ki ga maigida a talabijin ba a tseren watan jiya. Yana ciki, Yaya. Na bakwai ya zo, mai ɗaukar hoto kuwa ba ya waiwayar na bakwai. Kin san shekara shida a jere shi ne zakaran mita ɗari takwas na ƙasa. Lambobin suna nan cikin kabad ɗin falo, ni nake goge su kowace Asabar. Amma tun da agararsa ta hagu ta tsinke bara aka ɗinke, ƙafar ba ta dawo daidai ba. Tseren zagaye biyu ne. Na farko lafiya lau yake yi, a na biyu ne ake wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Shekararsa talatin da uku, abokan gudunsa har sun fara kiransa Baba.

Shekaranjiya kocinsu ya zo gida, ya zauna a kujerar da nake karatu, ya danne mini littafi bai ma sani ba. Ya ce kulob ba zai ci gaba da sa maigida a takara ba, amma akwai wani aiki, jan tsere. Wato ya shiga gaba da gudu mai lissafi, sabon gwaninsu da ake kira Dogo ya bi bayansa, shi yana tare masa iska, idan sun kai mita ɗari biyar sai ya kauce ya fita daga fili, Dogo ya ƙarasa. In ya yi daidai a babban tseren ƙarshen wata, ya samu aiki, mu kuma mu ci gaba da zama a gidan kulob. In bai yi ba, sai mu ɗaure kaya.

Ya karɓa, Yaya. Bayan koci ya tafi na ce masa na karanta littafi ya fi ɗari biyu, ban taɓa ganin jarumin da ya fita ana tsakiyar labari ba. Ya yi dariya, ya ce in nemo masa wanda jaruminsa ke da ɗinki a agara, zai karanta.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata,

Ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗin jin Inna ta samu sauƙi.

Na yi abin da ba ki koya mini ba, gara in faɗa miki da kaina. Matar mai yi musu tausa ta gaya mini cewa doka ba ta hana mai jan tsere ƙarasawa ba. Sunansa yana cikin jeri kamar na kowa, in ya ga dama ya wuce har ƙarshe, in ya ci kuwa ya ci. Alkawari ne kawai tsakaninsa da koci. Tun da na ji haka na kasa gama shafi ɗaya. Sai in riƙa ganinsa ya wuce wurin fitar, jama'a sun miƙe, koci ya jefar da hula.

Jiya da la'asar yana zaune a baranda, ƙafarsa cikin bokitin ƙanƙara, na kawo masa maganar. Ya ce ya san dokar tun kafin in san shi. Na ce to mene ne zai hana? Ya ci gaba da juya ƙafarsa cikin ƙanƙarar. Hakan ne ya tunzura ni, na ce ni zakara na aura, ban auri mai share wa wani hanya ba. Bai ɗago ba. Ya cire ƙafar, ya goge ta a hankali, ya tambaye ni ko akwai sauran ƙanƙara a firji.

Yau da safe ya miƙa mini agogonsa ya ce in raka shi fili. Koci yana so ya gama zagayen farko a daƙiƙa hamsin da ɗaya, ba ƙari ba ragi. Sau huɗu ya yi, sau huɗu na danna agogon na ga hamsin da ɗaya, kuma bai ko kalli hannuna ba. Ban san ana iya haka ba.

Duk da haka, ba zan ɓoye miki ba, ina so ya wuce. Na san gidan zai tafi. Na auna labulen falon nan da kaina, amma ina so.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta


Yaya,

Da fatan kowa lafiya. Mu ma lafiya, kuma ba za mu tashi daga gidan ba.

Ga yadda aka yi. Da aka harba bindiga ya shiga gaba, sai Dogo ya yi nauyin ƙafa, ya bari tazara ta buɗe kusan mita goma. Maigida ya waiwaya sau ɗaya, ya ɗaga masa hannu. Ana kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe yana gaba shi kaɗai, tsofaffin magoya bayansa suka miƙe suna kiransa, ni ma na miƙe. Dogo ya matso a kwana, ya manne masa a baya. Suna kai alamar mita ɗari biyar maigida ya kauce, ya taka ciyawa. Dogo ya ci, da lokacin da ba a taɓa yi ba a filin. Koci ya rungumi kowa har mai ƙararrawa.

Ni kuma ina tsaye bakin layin ƙarshe da tawul da ruwa, inda nake tsayawa tun muna sabon aure. Sai da masu gudu suka shigo duka na lura mijina ba ta nan zai zo ba. Mita ɗari biyar can ɗaya gefen filin take. Na zagaya ta bayan kujeru, takalmina yana cizona. Na same shi zaune a ciyawa shi kaɗai yana kwance igiyar takalmi, ƙafar hagun tana rawa. Abin da ya fara tambayata shi ne nawa babban agogo ya nuna lokacin ƙararrawa. Na ce ban duba ba. Wani alƙalin fili da ke naɗe tuta ya ce hamsin da ɗaya cif. Yadda ya yi murmushi, ko ranar lambarsa ta shida ban ga irinsa ba.

A mota na tambaye shi ko bai ji jama'a ba. Ya ce ya ji, har muryata ya ji. Ya ce abin da ya rage a ƙafar bai wuce mita sittin ba, shi da ita sun san haka tun watanni. Na ba shi haƙuri kan maganar baranda. Ya ce wace magana, ya roƙe ni in riƙe masa jaka.

Akwai wani tseren ranar tara ga wata. Na yi magana da mai gadin ƙofa zai ajiye mini kujera a can gefen, daidai inda yake fita. Ya ce ba rumfa a wurin, rana tana duka, ba mai son zama. In babban ɗanki zai shigo gari, ki ba shi lemar nan taki ya taho mini da ita.

Gaisuwa ga Inna da yara.

Ƙanwarki,
Auta