Ruwan Idon Baban Kyauta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya yara da maigidan? Da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi.

Yaya, kin tambaya ko mun tashi. Ina fa! Muna nan inda kika bar mu, bayan masana'antar nan mai hayaƙi. Kin tuna likita ya ce asmar Kyauta ba za ta lafa ba sai mun kai ta inda iska ke da tsabta, can kan duwatsu. A ranar, babanta har da ƙwalla, muna dawowa ya ɗaure kayanmu a kwalaye. Tun kafin damina ke nan. Yanzu da tukunya ɗaya nake girki, sauran suna kwalin da ya hana a buɗe.

Jihohin da muke tunanin komawa biyu ne, dutse ɗaya ya raba su, shi kuma Allah ya zuba masa ruwan ido. Ta gabas tana da babban asibiti, amma wai sanyi ya yi yawa, wa zai kawo wa mai gyaran firji aiki a garin da ruwa ke sanyaya kansa? Ta yamma akwai kasuwa, amma wai hanyarta duk kwana-kwana ce. In ya je aski, ya dawo ɗan gabas. In ya yi hira da direba, kafin la'asar ya koma ɗan yamma. In na zaɓa kuma, sai ya hau yabon wadda na bari.

Ki sa mu a addu'a, ya kai ni bango.

Ƙanwarki,
Maman Kyauta

Yayata,

Ina gaishe ku duka, Allah ya sa kuna lafiya.

Shekaranjiya numfashin Kyauta ya sarƙe a makaranta, malamarsu ce ta ɗauko ta zuwa asibiti. Na same ta da robar iska a hanci, idanunta duk sun firfito. Babanta ya shigo a guje, hannunsa duk baƙin mai, ya riƙe ƙafarta. Wallahi sai ya ba ni tausayi. Hankalinsa na dawowa, Yaya, sai na ji yana tambayar nas ɗin da ke ɗaura mata ruwa wai a ganinta wacce jihar ta fi!

Haƙurina ya ƙare.

Ƙanwarki

Baban Kyauta,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ya aiki, ya kaɗaici? Mun sauka lafiya.

Na san ranka ya ɓaci da ka tarar da saƙona kawai. Ka yi haƙuri. Da aka sallame mu, tasha na wuce da ita, na ga motocin jihohin biyu a jere, na shiga wadda ta fara cika. Ta yamma ce.

Duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Hanyar duk kwana-kwana ce, har amai na yi. Ɗakin da wata dattijuwa abokiyar tafiyarmu ta ba mu haya ƙarami ne, rufinsa yana yoyo. Asibitin ma ɗan mitsitsi ne. Firji kuwa akwai, na dattijuwar ma ya lalace, yana jiranka.

Ɗazu da safe 'yarka ta bi ɗan akuya da gudu har saman tudu. Ta faɗi, ta kuje gwiwa, ta tsala ihun da unguwa duk ta ji. Na taso zan ɗauke ta, sai na tsaya cak. Kuka take yi mai tsawo, da cikakken numfashi, ba tari, ba shaƙewa. Na manta rabon da in ji haka. Na bar ta ta yi son ranta, ni ma ina taya ta.

Tana ta tambayar yaushe za ka zo. In har yanzu kana kan nazari, ka ba direba tukwanena.

Matarka,
Maman Kyauta