Minti Ashirin da Ban Ji Maganarka Ba

Zuwa ga mahaifina, Usta Haruna bakanike.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa mahaifinsa, ina fatan Allah ya yalwata maka makwanci, ya haskaka shi. Mu nan muna lafiya. Inna tana nan tana fama da gwiwarta, matata Sakina da yara kullum suna sa ka a addu'a.

Baba, na rubuto ne in shaida maka cewa ranar Asabar da ta wuce na saɓa maka. Da gangan, da rana, a gaban mutane. Kuma kada ka jira ban-haƙuri a ƙarshen takardar nan, don babu shi.

Na san shekara uku ke nan da muka kai ka, na san ba za ka karanta ba. Masu karantawa su ne waɗanda suka yi ta bin hotunan motarka a shafina na intanet, wasu suna sa albarka, wasu suna jiran ranar dariya. Su gyara zama su ji. Amma da kai nake.

Ka tuna ranar da ka sallame ni? Ina da shekara goma sha bakwai, a rumfarka ta unguwar Hayyin Ashir a nan Alƙahira, ka ba ni tof ɗin injin wata tasi in ɗaure. Na ja sifana da ƙarfin ƙuruciya, bol ya karye a ciki. Ba ka yi faɗa ba. Da ka yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ka karɓe sifanar, ka juya tafin hannuna kana dubawa kamar mai zaɓen tumatir, ka ce, "Wannan hannun ba na ƙarfe ba ne, Yakubu. Je ka nemi abin da zai karɓe ka." Amininka Baffa Gambo yana zaune kan tsohuwar taya da kofin shayinsa.

To, na tafi. Na wanke motocin Turawa a Ma'adi har fatar yatsuna ta saɓule. Na yi shekara tara ina tuƙa wani. Yau ina da shagon taya da batir nawa na kaina a Hadayek, da gareji a ƙasan benen da muke zaune. Sakandare ce iyakar karatuna, ita ma da ƙyar, kuma babu wanda ya ɗora ni a kafaɗa sai Allah. Duk da haka, in na zo gaishe ka ranar Sallah, sai ka tambayi shago, ka tambayi yara, amma ko da wasa ba ka sake miƙo mini sifana ba. Shekara ashirin da shida.

Da ka rasu, 'yan'uwa suka ce a kira masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe tsohuwar motarka ƙirar 128. Na ce duk wanda ya taɓa ta, ni da shi. Da igiya na jawo ta tun daga Ashir har Hadayek, tayoyi biyu a sace, kuliyoyi sun haihu a kujerar baya.

Da farko niyyata in tada ta kawai. Sai wata rana ina kallon injin na ce wa kaina, gyara inji ya koma yadda aka ƙera shi, wa ya kai Usta Haruna? In na yi wannan, inuwarka kawai na zama. Sai na ƙudurta in yi abin da ba ka taɓa yi ba: in sa wannan tsohuwar ta yi gudun da bai taɓa zuwa mata ko a mafarki ba. Na san me za ka ce. Me mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu zai yi da gudu? Ba gudun nake nema ba, Baba, kai ma ka sani.

Shekara biyu na yi a kanta, duk ranar da na rufe shago da wuri. Da sarƙa na ciro injin, rataye a ƙarfen rufi, ni kaɗai. Bulok ɗin na bar naka, mai lambar da ke kan takardun motar. Amma duk abin da ke cikinsa na sake. Na kai Hirafiyin, unguwar masu aikin inji, aka faɗaɗa silinda, na sa manyan fistan, aka aske tof, na ɗora kafireta mai baki biyu da salansa mai rassa huɗu. Na sayi sifana mai awo, irin wadda kake cewa ta ragwaye ce, wai bakanike a wuyan hannunsa awonsa yake. Ni dai tun da na saye ta ban sake karya bol ba.

Sai kamshaf. Ka fi ni saninsa, amma saboda masu leƙen takardarmu: sanda ce mai tozaye, tana juyawa tana danna bawul, inji yana shaƙa yana fitarwa. Wanda na samo tozayensa dogaye ne, sifirin ɗinsa masu tauri, don injin ya shaƙi iska da yawa. Da 'yar takarda ya zo, da Turanci. Sakina ce ta karanta mini, ita da ta fi ni boko. Takardar ta ce tashin farko kada a bar shi a sulo ko na minti ɗaya. A ɗaga shi zuwa juyi dubu biyu da ɗari biyar a minti, a riƙe shi haka minti ashirin cur, don bakin mai ya yi ta wanka a kan tozayen har su saba da abin da suke dannawa. In aka bar shi yana lallaɓawa, ƙarfe zai ci ƙarfe.

Kai kuwa, wa bai san dokarka ba? Talyin, wato lallashi. Duk injin da aka sake wa ciki, a tada shi a hankali, a bar shi a sulo yini guda yana ɗiga kamar ruwan famfo. Sau nawa na ji ka ce, "Sabon inji jariri ne, ba a sa shi gudu"? Tun daga garin Madani kake faɗinta har ka kawo ta Masar, ka kuma tarar ustocin nan, gwanayen kanikawa, su ma haka suke yi.

Bara, ranar tashin farko, Baffa Gambo ya zo. Ya tsufa, Baba, da sanda yake tafiya, amma kunnen nan yana nan. Injin ya kama, na kai hannu zan ɗaga totur, sai ya dafa kafaɗata ya faɗi maganar nan taka ta jariri, da irin muryarka. Wallahi sai na ji kamar kai ne a tsaye a bayana. Na koma ɗan shekara goma sha bakwai a tsaye da karyayyen bol. Na sani sarai abin da takarda ta ce, amma na saki. Awa shida yana sulo, muna shan shayi, Baffa yana ba ni labarinka.

Kafin la'asar na fara jin ƙas-ƙas a sama. Na juye man a roba, sai ga shi yana ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli. Tozaye biyu sun cinye, sun yi sumul.

Ba Baffa ne ya kashe kamshaf ɗin nan ba, ba kai ba ne kuma. Tsoronka da na yi shekaru ina goyo ne ya kashe shi. Labari ya kai Ashir kafin in wanke hannu. Aka ce ɗan Usta Haruna ya tabbatar da maganar ubansa. Wani ma a shafina ya rubuto, wai in koma bugun iska a taya, nan Allah ya ajiye rabona.

Na sake wargaza injin gaba ɗaya, na kuma samo sabon kamshaf. Kowace hanyar mai sai da na bi ta da burushi da kananzir, don garin ƙarfen ya shiga ko'ina. Mai gogar silinda a Hirafiyin ya kankare zanen da garin ya yi, sannan ya kalle ni ya ce halas, wannan ce ta ƙarshe, bangon bulok ɗin ba shi da sauran naman da za a ƙara ɗiba. Ka gane ko? In na sake kuskure, ba kamshaf kawai zan rasa ba. Bulok ɗinka ne zai tafi bola, kuma da hannuna.

Sai Asabar ɗin nan. Na zaɓi hantsi, lokacin da babu mai barci. Tun jajibiri na bi maƙwabta bene-bene na ba su haƙuri, na gaya wa bawwab ɗinmu, wato mai gadin bene, Ammu Sa'id. Na wangale ƙofar gareji, na ɗauko fankar falo na kafa a gaban lagireto. Sakina ta zauna a kujerar direba, ido ɗaya kan agogon mai, ɗaya kan wayarta tana ƙirga minti. Ban gayyaci Baffa ba. Inna ce ta gaya masa, ya hau jirgin metro da sandarsa ya zo.

Na ce bismillah, Sakina ta murɗa makulli. Ya kama. Kafin ya gama tari na farko na danna totur daga jikin kafireta, allura ta hau dubu biyu da ɗari biyar, na riƙe.

Baba, ba ka taɓa jin ƙara irin wannan ba. Ƙofar ƙarfe tana rawa, tantabarun rufin maƙwabta suka watse, ƙararrawar motoci biyu a layi ta ɗauka. Wata Hajja daga bene na uku ta leƙo tana ihu, "Haram alaik ya usta!" Karo na farko ke nan a rayuwata da wani ya kira ni usta, cikin faɗa ma, amma na karɓa hannu biyu.

Baffa ya matso har gemunsa yana taɓa kunnena. "Kai Yakubu! Sauke! Wannan ba inji kake ginawa ba, fansa kake ɗauka a kan mamaci!" Maganar ta shige ni, don da gaskiya a cikinta. Na ƙara damƙe totur. Ban saki ba. Da ya ga haka sai ya zagaya zai zare makulli, ya tarar Sakina ta kulle ƙofa ta ciki. Ta sauke gilashi kaɗan ta ce, "Baffa, ma'alish, yi haƙuri, saura minti goma sha uku. In mun gama ni da kaina zan dafa maka shayi mai na'ana'a."

Wajen minti na goma sha biyu tsoro ya dawo mini. Cikin wannan ruri ta yaya zan san ko ƙarfe ya fara cin ƙarfe? Sai idona ya faɗa kan dogon sukudirebanka mai ƙotar itace, wanda na tsinta a but ɗin motar. Na ɗora bakinsa kan murfin tof, na manna ƙotar a ƙashin bayan kunnena, na rufe ido. Ba ka taɓa koya mini wannan ba. Daga nesa na sace shi, ina tsaye bakin rumfa ranakun Sallah. Ihun layi ya ɓace, na ji cikin injin tsaf, bawul takwas suna tafiya a jere kamar keken ɗinki. Babu ƙas-ƙas.

Sakina ta ɗaga hannu. Ashirin. Ta kashe.

Na juye man a farar roba, na fito da ita bakin ƙofa inda rana take, don kowa ya gani. Tas, babu ƙyalli ko ɗigo. Na buɗe murfi. Baffa ya jingine sandarsa, ya bi tozayen nan takwas ɗaya bayan ɗaya da farcen babban yatsa, kamar yadda kuke yi. Ya daɗe. Sannan ya goge hannu a jallabiyarsa fara ya ce, "Da Haruna yana nan da ya zage ka tas. In ya gama kuma ya ce a ba shi makulli ya zagaya."

Na shiga bayan mota kamar mai neman wani abu. Ba na son Ammu Sa'id ya ga fuskata.

Yanzu da ƙura ta kwanta, bari in faɗi abin da na gane. Injunan da ka yi rayuwarka kana gyarawa na direbobin tasi ne, mutanen da in motar ta kwana biyu a rumfa gidansu ba a ɗora tukunya. Ba ka da damar yin ganganci da abincin 'ya'yan wani, shi ya sa kake lallashin ƙarfe. Bol ɗin da na karya ma, sai daga baya Inna ta gaya mini yini biyu ka yi kana haƙo guntunsa, direban yana tsaye a kanka. A kan injunanka kana da gaskiya. A kan wannan injin ni ke da gaskiya. A kan hannuna kuwa, Baba, ka yi kuskure, kuma na so a ce kana raye na faɗa maka ido da ido, ka harare ni, mu ci abinci.

Minti ashirin kaɗai na ƙwace daga hannunka. Kilomita dubun farko da ke gaba, yadda ka koyar haka zan yi: a hankali, ba kaya, ba fizga. Tafiyar farko ranar Juma'a ce, Inna a gaba, kuma wurinka za mu zo. Zan kashe injin tun daga nesa, don na san ba ka son hayaniya. Sai in tako, in tsuguna, in ɗora tafin hannun nan a kan ƙasarka. Baƙin mai ya shiga zanensa, sabulu ya ƙi fitar da shi. Ka sake dubawa.

Allah ya jiƙan ka, Baba. Allah ya gafarta maka, ya saka maka da kowane gida da ya ci abinci ta dalilin hannunka. Ya sa kabarinka ya zama dausayin Aljanna, ya haɗa mu a inda babu sauran magana tsakanin uba da ɗa sai sallama. Amin.

Ɗanka da ya karya bol ɗin nan,
Usta Yakubu Haruna
Hadayek el-Ma'adi, Alƙahira