Kifin Kaka Tasallah

Asabar, 4 ga Oktoba

Ranar da Sa'id ya dawo daga Gana komai ya lalace. Sai yau hannuna ya yarda ya rubuta.

Tun kafin aure ya yi mini alkawarin Elmina, garin bakin teku da kakata Sitti Kubra ta baro tana yarinya. Ni kuwa na gama tsara tafiyar kamar a littafi: ni da shi a bakin ruwa, kwale-kwalen masunta masu fenti, dokunu, tuwon masararsu na cikin ganye, da soyayyen kifi. Da aiki ya kai shi Akra sai ya tafi shi kaɗai. Na haɗiye. Na ba shi ajwa da zamzam ya kai wa Kaka Tasallah, ƙanwar Sitti. Ita kaɗai ta rage mana can.

Tsarabata: turare. Ledar ma ta filin jirgin Jidda ce.

Litinin, 6 ga Oktoba

Kaka Tasallah ta aiko saƙon murya. "Jikalle, kifin ya iso? Da hannuna na ƙyafe shi, yadda yayata take so. Shiton kuma, yajin nan namu mai mai, kar ki sa masa jiƙaƙƙen cokali."

Wane kifi?

Talata, 7 ga Oktoba

Na tambaye shi. Ko ɗagowa daga waya bai yi ba. Wai wari yake, ga abokan aiki, ga fararen kayansa a akwati. A kwandon sharar otal ya bar shi. Ina yi masa Hausa yana mayar mini da Larabci, kamar kullum. "Khalas ya Sundus, kifi ne fa. Sai mu je bakin teku a Yanbu ki ci."

Yanbu! Sitti har ta rasu a unguwar Anbariyya tana cewa kifin nan ƙasar bai san hayaƙi ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na buɗe littafin da nake karantawa a waya. Saurayin ya ratsa ruwan sama don ya kai wa yarinya mangwaro. Na kife wayar. Maƙaryata.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na je unguwar Ƙiblatain wajen Khala Ƙaltume, ƙanwar mamata. Ta saurari saƙon, ta sake saurara, ta goge ido da gefen mayafi. "Muryar Ummarmu sak." Can kuma sai ga ta da: "Ki ce mata ya yi daɗi, ki rufa wa mijinki asiri."

Na ɗauki muryata, na goge. Tsohuwa ta haura tamanin ta zauna cikin hayaƙi saboda ni, in saka mata da ƙarya? Shi ya yar, ni zan share?

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ya shigo da gasasshen kifi daga kasuwa, ya ajiye, yana satar kallona. Haƙuri dai bai bayar ba. Na ci kaɗan. Yunwa ce, ba sulhu ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Khala ta kira da kanta. Wai gwiwarta ta ƙi hawan tudun Uhudu, amma kujerar jirgi ai zama ce.

Na aika wa Kaka: "Bai iso ba, Kaka. Ki tanadi itace."

Da na gaya wa Sa'id sai ya ce, da Hausa, ko in ɗauki babban akwatinsa. Ban amsa ba. Ɗazu na rufe ido na hango bakin ruwan, ban lura Sa'id ba ya ciki ba sai daga baya.

Ni da Khala za mu tafi Elmina watan gobe.