Na'urar Reshenmu Ta Ce Babu Ni

Zuwa ga Daraktan Sashen Kwamfuta na ma'aikatarmu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ce Rifkatu, akawu a reshenmu na Gombe, mazauniyar Manawashi. Na fito fili ne don ƙafata ta gaji da hawa matakalar ofishinka.

Na ɗaya. Da na tafi hutun haihuwa an rufe sunana a na'urar da muke ɗora yatsa don shaidar zuwa aiki, kamar yadda aka saba. Da na dawo, hedikwata ta buɗe shi. Amma kullum na ɗora yatsa da safe, sai na'urar reshe ta ce ba ta san ni ba. Ina zaune a kan kujerata ana rubuta min fashi.

Na biyu. Malam Buba, injiniyan reshe, ya yi min bayani har na haddace karatun da ba nawa ba. Kwamfutoci biyu ke riƙe da sunayenmu, ta hedikwata da ta nan. Duk canjin da aka yi ana ajiye shi a wata folda, wato jakar bayanai a kwamfuta, wani ɗan shiri na kwamfutar reshe kuma ya je ya duba ta. Da kuka sauya faifan ajiya na kwamfutar, foldar ta koma wani wuri, shirin kuwa tsohon adireshi aka rubuta masa da hannu. Kullum sai ya je kango ya yi sallama, ya dawo ya ce babu sabon labari. Gyaran shi ne a sa shi ya riƙa tambayar saitin kwamfutar inda foldar take. Malam Buba ba shi da izinin taɓawa sai ka sa hannu. Takardar neman izinin tana teburinka tun jaririyata ba ta iya zama ba, yanzu tana rarrafe.

Na uku. Masu tantance ma'aikata suna tafe, kuma na'urar reshe za su duba. Wanda ba ya ciki, sunansa ma'aikacin bogi. Allah ya sani tsoro nake ji, aikin nan shi ne rufin asirina.

Ina roƙonka ka sa hannun nan kafin su iso, a kuma goge min fashin da ban yi ba.

Ranka ya daɗe, Baba Usmanu direba ya rasu ina hutu, da goyo na je wa iyalinsa ta'aziyya. Har yau yana cikin na'urar reshe a matsayin ma'aikaci. Idan masu tantancewa suka zo, shi zai tsallake, ni a kore ni.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da ranar da za ka tsaya da ƙafarka a ce babu kai.

Wassalam.
Rifkatu, akawu.