Na Aske Shukar Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon bayan nan. Mu ma alhamdulillahi, ƙafar Baba ta yi sauƙi har an sallamo shi daga asibiti, auta kuma tana nan da surutunta.

Yaya, na yi ɓarna, kuma kunya ce ta hana ni faɗa miki a waya. Kin san shukar marigayiya Inna da ke bakin tagar falo, mai dogayen ganye kamar gashin tsuntsu, wadda take kira 'yar inuwa. Tun rasuwarta Baba ne ke yayyafa mata ruwa kowace safiya, da ya kwanta asibiti sai aikin ya dawo hannuna. Ina goge mata ƙura na juya ganyen, na ga wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa jere a bayansa. Na ce ƙwan ƙwari ne. Kin san ni da rawar kai, ban tambayi kowa ba. Na ɗauko almakashi na aske ta tas, na fesa mata maganin sauro, na kai tukunyar tsakar rana wai sauran su mutu. Har yabon kaina nake yi.

Da Baba ya dawo ya daɗe tsaye dogare da sandarsa yana kallon kututturen. Da na gama bayanina sai ya ce a hankali, ai ɗigo-ɗigon nan su ne irinta, ita ba ta fure, da su take haihuwa. Ya ce Inna in ta gan su har kiransa take ya zo ya gani, wai 'yarta ta girma. Ya juya ya shige ɗakinsa. Wallahi da ma zagina ya yi.

Na mayar da ita inuwa, ina jiƙa ƙasar, amma shiru. Roƙona, in saiwar da kika tsaga daga jikinta lokacin tashinku daga garin nan tana raye, ki tsago mana kaɗan, ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ki ba duk mai zuwa. Kada ki daɗe don Allah. Kullum da safe Baba sai ya tone ƙasar da yatsa yana duba tsiro, ni kuma in laɓe a kicin don kada mu haɗa ido.

Ki gaishe mini da maigidan, da takwarar Inna, da tagwaye. Goggo da auta suna gaishe ki.

Taki ƙanwarki mai laifi.