Sitiroberinmu a Fangalin Albasa

Yaya Saude,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin Jos? Ya Alhaji da yara, ya ƙafar Inna? Mu nan Yankara lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Mutanenmu gani suke duk abin da aka shuka ruwa kawai yake nema. Dashen sitiroberin da kika aiko wa ɗalibaina, a kan kunya muka jera shi kamar yadda kika ce, har ya fara ja. Na tafi taron malamai Katsina, sai Baba Isiyaku mai kula da lambun makaranta ya toshe bakin kwari, ya kewaye wurin da ƙasa, ya mai da shi fangali irin na albasa, wai don ruwa ya zauna. Aka kwana biyu ana sheƙa ruwa.

Na dawo na tarar da 'ya'yan kwance cikin laka, sun yi funfuna. Na ce, "Baba, me ya kai ka?"

Ya ce, "Malama, tun ba a haife ki ba nake noman rani, ban taɓa ganin shukar da ke gudun ruwa ba."

Ko haƙuri bai ba ni ba! Yaran nan wata uku suna jiran ɗanɗana abin da sai a littafi suke gani.

Gindi bakwai suka tsira, na mai da su cikin buhuna a baranda. Ki taya mu addu'a su nuna kafin hutu. Na farko Baba zan miƙa wa, ya ci ya san abin da ya nutsar.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Binta