Rigar Ƙwayar Tumatir

Zuwa ga sanyin idona, inuwar gidana, Baban yara,

Gaisuwa mai yawa, irin wadda ba na iya yi maka a gaban yara. Ka san ni, bakina ya fi sabawa da faɗa. Amma yau takarda ce, ba mai ganin fuskata. Tun da aikin binciken iri ya ɗauke ka zuwa wancan gari, gidan nan ya koma lambun da aka daina yi wa ban ruwa. Kai ne raɓar safiyata! Kai ne ruwan farko da ke sauka a busasshiyar ƙasa, ƙamshi ya tashi!

Ka tuna farkon aurenmu, ranar da na tarar da kwalba a tagar kicin, ruwan tumatir a ciki ya yi funfuna yana tsami? Na zubar, na wanke ta da sabulu, na zaunar da kai na yi maka wa'azin tsabta. Ashe iri ne da ka daɗe kana zaɓa. Da wani namijin ne, sai maƙwabta sun ji muryarsa. Kai kuwa dariya ka yi, ka ce, "Amarya, kin wanke min aikin shekara tas." Sai ka yanka wani tumatir, ka miƙo min madubinka mai ƙara girma. Har yau ina kan bakana, kwalbar nan ƙazanta ce. Amma abin da ka nuna min bai bar raina ba.

Ka ce kowace ƙwaya tana da riga, kuma rigar daga jikin uwar shuka take, babu hannun uba a cikinta. Tun fure bai buɗe ba uwar ta tanade ta, siririya, mai laushi. Da ɗan tsiro ya samu a ciki, sai ta yi ta kauri. Daga baya cikinta ya riƙa narkewa yana ba shi wuri, bayanta kuma ya yi tauri, ya fitar da gashi-gashi kamar kan jariri. Uwar ta ƙara lulluɓe ta da yauƙi, don kada ta tsira lokaci bai yi ba. Shi ya sa kake barin ruwan tumatirin ya yi tsami a kwalba, yauƙin ya saki. Na ce maka, to ka gani, ko shuka ta san tarbiyya a hannun uwa take!

Yanzu ga maganar 'yarka ta fari. Ta sami gurbin karatu a jami'a mai nisa, na ce babu inda za ta, ga lokacin rajista yana ƙurewa. Ban faɗi ƙarya ba, duniya ta lalace, yaran yanzu idonsu a tsaye yake. Amma yarinyar nan ta daina dariya. Kome na ce, sai "To, Mama," ta shige ɗaki. Kai kuma ba ka yi min gardama ba. Da za ka tafi, cewa kawai ka yi in kula maka da farantan irin da ka shuka a baranda.

Kai, mutumin nan, akwai ka da wayo! Sun tsira. Yawancinsu sun yar da rigar, sun buɗe ganye shar. Wasu kuwa sun fito da ita a ka, ta damƙe musu ganye kamar matsattsiyar hula. Ɗaya a cikinsu ya yi rawaya, ya kwanta, a gabana ya mutu, rigarsa na nan daram. Sai na tuna yadda kake bin su da ɗigon ruwa a yatsa, ka jiƙa, ka tafi, ka dawo ka sake jiƙawa, ba ka taɓa fizga ba. Na yi yadda kake yi. Jiya da safe wata rigar ta zame a hannuna, ganye biyu suka buɗe kamar tafukan mai addu'a. Na daɗe a tsugune a wurin.

Wa ya koya maka wannan haƙuri? Wace mace aka yi wa kyautar miji irinka, wanda zai gyara ta ba ta ji zafi ba? Shekara da shekaru haka kake yi min, ɗigo bayan ɗigo, ni ina ta faɗa, ina ganin ni ke riƙe da gida!

Ka dawo kafin a rufe rajistar, don Allah. Na sauko da babban akwati, na goge shi, amma ban gaya mata ba. In ni kaɗai na buɗe baki, wa'azi zai koma. Ka zo mu gaya mata tare, ka kai ta da kanka. Kada kuma ka ɗauka na sauya hali. Kullum da safe sai ta kira ni, kuma ni zan duba kayan da za ta tafi da su.

In ta tafi, rigar da ta zame ba ta da wurin sauka sai tafin hannunka. Ka riƙe ni da kyau. Na ma ajiye maka kwalba a tagar kicin. Guda ɗaya, kuma da murfi.

Taka ce ni, yau da gobe, har numfashina na ƙarshe,
Maman yara